Alfadari a Kan Kwalta

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka. Yaya nauyin jikin nata? Allah ya sauke ta lafiya. Na rubuto ne don a waya ba ka barina in kai aya.

Babur ɗin nan nawa, Alfadari, ba shi da lafiya. Tun da aka shimfiɗa mana kwalta daga asibiti zuwa kasuwa yake wani hali. Ina cikin tafiya a giya ta biyu sai ta fice da kanta, injin ya yi ta ihu a banza. In na saki kuloci kuma sai in ji ƙwas daga ƙasa. Abin mamaki, babur ɗin da ya sha rami da yashi da rafi bai taɓa tari ba, sai yanzu da hanya ta yi sumul!

Ga baƙin man da na juye a kwalba, na ba direban motar kasuwa ya kawo maka. Kai ne bakanike, ni ungozoma ce. Ka duba ka gaya mini maganinsa, mata na jirana.

Taka,
Yaya

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa, mai ɗakina ma tana gaishe ki. Na zuba man a tafin hannuna, sai ƙyalli yake. Garin ƙarfe ne, haƙoran giya ne ke cin juna.

Kwaltar ce ke kashe shi. Irin wannan babur mai dogayen ƙafafu, cibiyar tayarsa ta baya ba ta da roba. A kan turɓaya ba ya buƙatarta, don duk lokacin da injin ya fizga, tayar kan ɗan zame, ƙasa ta shanye bugun. Kwalta kuwa ba ta yafiya. Ta riƙe taya gam, bugun ya bi sarƙa ya koma cikin akwatin giya. Ke kuma na san tuƙinki, kamar mai bin ɓarawo.

Akwai magani. Taya mai roba a cibiya tana nan rataye a bangon gareji, ga sabbin haƙora a cikin aljihun tebur. Amma ba zan aiko ba, kuma ba zan ɓoye miki dalili ba. Likita ya ce gwiwarki ta dama ta ƙare, a gabana ya faɗa, kika yi kamar da bango yake. Da wannan gwiwar kike buga kik ɗin tada babur! Na gyara ɗakin da ke kusa da namu, na sa katifa da labule. Ki ajiye jakar ungozomancin nan ki zo ki huta. Ina tsoron ranar da za a kira ni a ce an tsince ki a hanya.

Ki yi haƙuri, ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka, don gaisuwa ba ta cikin rigimar.

Lallai wuyanka ya isa yanka! Ni da na goya ka har bayana ya yi kanta, yau ni za ka yi wa ɗaki da labule kamar tsohuwar kujera? Raina ya ɓaci, kuma gara ka sani.

Amma na gode da karatun da ka yi mini. Ka ce ƙasa ce ke shanye bugun, ko? To na bar musu kwaltarsu. Gefen hanya nake bi yanzu, inda shanu ke bi. Direbobi na wucewa suna danna mini oda suna dariya, wai Ungozoma na tsoron titi. Su yi ta yi. Giyar ba ta sake ficewa ba sai sau ɗaya.

Ka san inda kwaltar taku ta tsaya? A bakin kasuwa. Motar asibiti ma nan take juyawa. Makon jiya matar mai gyaran rijiya ta tashi da naƙuda a ƙetaren rafi, tagwaye, na biyun ya zo a gicciye. Da ina kwance a kan katifarka, wa zai juya shi? Yarinyar da aka turo ta gaje ni tana da hankali, amma ba ta iya ko keke ba tukuna. Ranar da ta iya babur mu yi maganar hutu.

Ka riƙe robarka, ka jiƙa ka sha.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Direban motar kasuwa ya shigo gareji jiya bai ko zauna ba. Ya ce bayan ruwan nan ya hango ki a gefen hanya, inda ƙasa ta zaizaye, kin faɗa kwalbati ke da Alfadari. Ya ce ya tsaya ya ɗaga miki shi, ya ce ki shiga mota, kika ce motarsa ba ta ƙetare rafi. Wai shi ya buga miki kik ɗin don ƙafar ta ƙi, kika hau kika wuce da taɓo har kunne, jakar na bayanki. Yana ba da labarin yana dariya. Ni kuwa sifana ta faɗi daga hannuna.

Don kada ki faɗi na hana ki tayar nan, sai ga shi kin koma bin bakin rami. Kin fi ni taurin kai, na sallama wannan. Ga tayar nan direba zai sauke miki. Ranar Asabar zan zo da haƙoran in buɗe injin da kaina, kada ki bari kowa ya taɓa shi. Daga nan ki hau kwalta kamar kowa, ki riƙa sakin kuloci a hankali, don Allah.

Amma ban janye maganata ba. Babur na samo masa roba, gwiwarki ba ni da robarta. Ɗakin yana nan, ba zan cire labulen ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Taya ta iso, Allah ya yi maka albarka. Gwiwar ta kumbura, tana ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka bar labulen. Ka share ɗakin, ka sa fitila mai haske da bokiti biyu, mai ɗakinka za ta buƙace shi kafin ni. Na ga yadda cikin ya sauka a hoton da ta turo. Ranar da naƙuda ta tashi kada ka tsaya neman mota, ni za ka kira. A kan kwalta zan zo, kuma ba a hankali ba.

Sai Asabar. Ka zo da sifanarka.

Yaya