Bakan Gajere da Bindigar Mai Tabarau

Asabar, 4 ga Mayu

Jikana Gajere zai cika takwas wata mai zuwa. Na auna hannunsa da igiya, daga ƙirji zuwa kan yatsa, yana ta dariya wai cakulkuli nake masa. Itacen bakansa na rataye a rumfar bayan gida tun bara, ya bushe yadda nake so.

Na sauko da kwarin kakana na kakkaɓe ƙura. Tsaga goma sha ɗaya a jikinsa. Duk yaron gidanmu da kibiyarsa ta fara samun abin da ya auna, a yi masa tsaga ɗaya da wuƙa. Ban je makaranta ba, rubutun nan ma da furfurata tsohuwa, matata, ta koya min, amma kowace tsaga na san mai ita da abin da ya harba. Ta bakwai tawa ce. Ta Gajere za ta zama ta sha biyu. Uban Gajere ba shi da ko ɗaya. Wannan magana ce daban.

Lahadi, 5 ga Mayu

Mai Tabarau ya zo. Uban surukata, kakan yaron na wajen uwa. Ya ajiye motarsa daidai bakin ƙofa, sai ka karkace za ka wuce. Shekara talatin yana aikin ofis, hannunsa laushi kamar na jinjiri. Wai ya ga bindigar iska ta yara a wani shago, mara nauyi, zai saya wa Gajere.

Na ce, “Baka na nan ana yi.”

Ya ce, “Madalla, sai ya samu biyu.”

Uwar yaron ta ce a'a. Abin harbi ɗaya tak zai shiga gidanta, kuma a kulle sai da babba a kusa. Ya gwada duka, ya zaɓa da kansa. Ɗana yana zaune yana kurɓar shayi kamar ba ɗansa ake magana a kai ba.

Ni yaron ke kira Kaka. Wancan kuwa Kakan Mota. Har yau ban san wanne ya fi ba a wurinsa.

Laraba, 8 ga Mayu

Na kankare itacen. Na naɗe mariƙi da fata, na dasa ɗan tudun da kibiya ke kwanciya a kai ta gefen hagu, yadda ake yi wa mai jan tsirkiya da dama. Da dama Gajere ke ci, da dama yake rubutu. Ba sai an tambaya ba.

Tsohuwa ta leƙo ta ce, “Malam, tun safe ba ka ci komai ba. Da wa kake tsere?” Na ce ba da kowa ba. Ta ce to Allah Ya ba ba-kowa haƙuri.

Juma'a, 10 ga Mayu

An tafi da Gajere shagon. Ba a gayyace ni ba. Ko an gayyace ni ma.

Asabar, 11 ga Mayu

Ya shigo da gudu, ko gaisuwa bai gama ba. Bindiga kaza, 'yan harsasai kaza ƙanana kamar ƙwayar hatsi, gilashin kare ido, wai Kakan Mota ya sa an gwada masa uku kafin a sami wadda ba ta rinjayi kafaɗarsa ba. Kakan Mota ya ce, Kakan Mota ya yi. Na ƙirga, sau tara.

Na ce, “Kai tsoho, bindigar da iska ke turawa ai tusa ce da bututu.”

Ya yi dariya har ya faɗi zaune, ya ce, “Kaka, kai ne tsohon.” Na ji daɗi. Sai ya ce bari ya je ya faɗa wa Kakan Mota, shi ma ya yi dariya.

Litinin, 13 ga Mayu

Baka ya gamu. Na ɗaura tsirkiya. Ban yi ta da tauri ba, yaron da aka ba baka mai tauri kafaɗa yake ɗagawa, kuma in ya saba ba ya dainawa. Kibiya shida, bakinsu dakushe. Ko kakana ya gani ba zai kushe ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ya zo bayan makaranta. Na kafa gwangwani a kan bulo, taku goma, bango a baya. Tsayuwarsa daidai, jansa daidai, sakinsa ma ba laifi. Kibiya shida, duka suka wuce ta hagun gwangwanin. Muka tsince, ya sake. Hagu. Sau huɗu muna tsincewa.

Yana karkatar da kai a kan tsirkiya kamar mai leƙen rijiya. Na san wannan karkatar. Ubansa haka ya yi min damina biyu cur, har na karɓe bakan na ce masa ba shi da ido, ya je ya kama littafinsa. Shekara talatin da uku ke nan. Bai sake taɓa baka ba, kuma in ana hirar kwarin nan tashi yake.

Na ce wa Gajere, “Ka daidaita kanka mana.” Muryata ta fi yadda na so. Ya ajiye bakan a hankali ya ce hannunsa ya gaji.

Asabar, 18 ga Mayu

Gidan Mai Tabarau. Na je ne don kada a ce ban je ba.

Lambunsa a share, ya jingina katako ya manna takarda mai zobba. Kafin ya ba yaron bindigar sai ya ce ya miƙe hannuwa, ya haɗa tafuka ya bar 'yar kafa a tsakiya, ya dubi marfin famfo ta cikin kafar da ido biyu a buɗe. Sannan ya jawo hannuwan zuwa fuska, kada marfin ya ɓace masa. Hannuwan suka zo kan idon hagu. Sau uku, hagu.

Ya ce, “Hannunsa dama ne, idonsa hagu. Akwai irinsu da yawa. Mai shagon ne ya nuna min, ni ma ban sani ba.” Ya ɗora masa bindigar a kafaɗar hagu.

Harbi na uku ya huda takardar. Yaron ya yi tsalle ya rungume shi. Tabarau ɗin har ya karkace.

Ni aka bari da kofin shayi. Shekara sittin ina harbi, mutumin da ko ɓera bai taɓa aunawa ba ya koya a shago cikin minti biyar. Ya juyo ya ce, “Yaya, ko za a gwada bakan ta ɗaya hannun?” Na ce bakanmu ba a juya shi.

Ɗana ne ya mayar da ni gida a mota.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ya zaɓi bindiga. Uwarsa ce ta faɗa min a waya, tana ta kwana-kwana. Na ce Allah Ya sa albarka.

Talata, 21 ga Mayu

Na shiga rumfa na rufe ƙofa na yi abin hannun nan. Nawa dama ne. Dama na sani.

Tsohuwa ta ce in albasa nake yankawa gara in yi a fili. Ba albasa a rumfar, ta sani.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ɗana ya biyo daga aiki ya kawo maganin ƙafata. Zai tafi na ce ya tsaya, ya haɗa hannu ya dubi ƙusar da ke jikin ƙofa. Ya dube ni ya ce, “Baba, ba sai na yi ba. Na yi a gida tun ranar Asabar.”

Na ce, “Wanne?”

Ya ce, “Hagu.”

Na ɗauko bakana, nawa babba, ba shi da tudu ko ta wane gefe. Na sa masa a hannun dama. Ya ce zai makara. Na ce gwangwani ɗaya ne. Ya naɗe hannun rigar ofis, mutum mai shekara arba'in da ɗaya da tumbi, ya ja da hagu. Ta farko ƙasa. Ta biyu sama. Ta huɗu gwangwanin ya yi ƙara ya faɗo bayan bulo.

Ya tsaya yana kallon wurin. Ya ce, “Ashe ina da ido.” Da dariya ya faɗa. Gara da bai yi dariyar ba.

Na ce gwiwar hannunsa ta yi ƙasa da yawa. Abin da ya zo bakina ke nan.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ban fita ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Wuƙar ta dakushe, sai da na wasa ta. Tsaga sha biyu yanzu. Ta sha biyun ba ta wanda na zata ba ce. Ban gaya wa ɗana ba tukuna, in ya zo zai gani, ai yana da ido. Na bar wuri a gefenta.

Na kwance fatar bakan Gajere, na mayar da tudun gefen dama. Dama dasawar farko ba ta zauna sosai ba. Uwarsa ta ce abin harbi ɗaya a gidanta, ba ta ce komai a kan gidana ba.

Ɗana ya ce gobe zai kawo shi, kuma Mai Tabarau ya roƙa ko zai biyo su, wai yana son ya ga yadda ake ɗaura tsirkiya. Mutum da wannan hannun. Na ce in ya zo kada ya tare min ƙofa da mota.

Na fito da kujerar nan mai majingina zuwa rumfa. Tare min hanya take yi a ɗaki.