Irin Ciyawar Bakin Hanya

Bron, Alhamis da dare, Satumba 2013

Yau na ci nasara a biro, wato ofishinmu! Shef, shugaban aikinmu, ya so a sayo irin ciyawa daga waje don bakin sabuwar hanya. Ni ɗan sitaj, mai koyon aiki, na ce a ɗauki wanda manoman kusa da Lyon ke sayarwa, ciyawar ƙasar nan da furannin daji, don sun saba da sanyinta. Ya jujjuya takardar da na rubuta shawarar a ciki ya ce, "D'accord, Isufu, kai za ka zaɓa." Ƙila ma su riƙe ni aiki.

Na kira Inna a Maraɗi. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ɗan nan, mu muna nome haki, kai ka tafi Faransa shuka shi? To, Allah ya sa ya tsiro."