Kada a Juya Tukunyar

Litinin, 10 ga Fabrairu

Okid ɗin Dezső, shukar furen nan tasa, ta fitar da kai. Na gani da safe da na shiga ɗakin gilashin da muke renon furanni ban ruwa: kara ɗaya, toho ɗaya, ya kumbura kamar babban yatsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mijin nan nawa ya yi wa iyayenta barbara da tsinken sakace, ya rene ta tun tana ƙwayar iri cikin kwalba. Sai yanzu ta ga dama, da yake kwance a saman bene, ɓarin jiki a shanye, ƙirji cike da ruwa.

Na hau na gaya masa. Ya daɗe yana haɗa bakinsa kafin maganar ta fito. "Za ta kai baje koli?" Na ce ranar ashirin da biyu ne, za ta kai. Ya ce, "To kada ki taɓa tukunyar, Alƙaliya." Ji mutum. Shekara talatin ina alƙalancin furanni a ƙungiyarmu, ni zai koya wa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na ja layi da alli daga jikin tukunyar zuwa kan katako, don kada ta gusa ko da kuskure. Toho haske yake bi. A juya shi yana cikin buɗewa, ya murɗe wuya ya nemi taga, shi ke nan an yi asara. Irin tata kuwa, da ake kira takalmin mata saboda siffar leɓen furen, komai nata na ga ganyen sama da muke kira tuta. Dole ta tsaya cak, dama da hagu daidai.

Maki tamanin cikin ɗari ake nema. Wadda ta samu, mai ita ya raɗa mata suna, sunan ya shiga rajista, ba mai goge shi. Ban san me ya sa nake rubuta abin da na sani ba. Ba mu haihu ba. Tun yana da lafiya yake cewa, "Etelka, wannan ce za ta ɗauki sunana." Yana faɗa yana dariya, amma na san ba wasa yake ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Yana son ganinta. Na nuna masa hoto a waya, ya ture da hannun da ke motsi. Orsolya, nas ɗin da ke zuwa da safe, ta ce kada ma in fara tunanin sauko da shi. "Inna Etelka, sanyin lambun nan zai gama da shi kafin ku kai ƙofa."

Sai ya ce in hau masa da ita. Shi da bakinsa, wanda ya ce kada in taɓa. Na ce a'a. Na ce ka yi haƙuri ta gama buɗewa ta sandare, a kai ta, a dawo maka da ita da lambar yabonta. Ya juya fuska bango. Raina ya ɓaci sosai, har na bugo ƙofa, na bar masa miyarsa ta huce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Bai ci ba. Bai yi mini magana ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Likita ya tsaya da ni a bakin matakala, yana ta gyara maɓallin rigarsa. Mako ya rage masa, wai. Ƙila biyu, ƙila kuma ba za a kai Asabar ba.

Da ya tafi na shiga ɗakin gilashi na daɗe ina kallon layin allin nan. Na naɗe tukunyar da tsohon bargo, na ratsa ƙanƙara da ita a ƙirjina, na hau. Taga na hagu, gadonsa na dama. In ta fuskanci taga, bayanta zai gani. Na ajiye ta tana kallonsa.

Ya ce, "Kin san abin da kika yi?" Na ce na fi ka sani, rufe mini baki ka sha miya. Ya sha cokali huɗu.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ta buɗe a gabansa, a hankali, tun safe har la'asar. Fari fat, da ɗigo-ɗigon ja mai duhu, takalmin kuma kalar zuma, yana sheƙi. Faɗin tutar ya wuce na duk wadda na taɓa aunawa daga gidan nan. Ya hana a kunna masa rediyo. Orsolya ta zo juya shi, ya ce ta juya shi ta yadda ba zai ba furen baya ba.

Na koma kicin na yi kuka, don ta yi kyau, kuma don na riga na ga wuyan ya fara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ta karkace. Tutar ta leƙa hagu wajen taga, kunnen furen na dama ya fi na hagu sauka. Wanda bai sani ba ba zai lura ba. Na ɗauko rula, na mayar aljihu. Akwai masu cusa auduga a bayan tuta su daidaita ta, su cire da safen ranar. Na kori mutum biyu daga gasa saboda haka. Na ɗauko audugar ma, ita ma na mayar.

Ya ce in kai ta duk da haka.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Lamba sittin da uku aka ba ta. Ba a rubuta sunan mai shuka, amma wa ke cikin zauren nan da bai san tukunyar Dezső ba? Da aka zo kanta na tashi na fita, kamar yadda doka ta ce, tunda daga gidana take. Na tsaya a baranda kusa da inda ake rataye riguna, ina jin ƙarar kujeru da tarin Kálmán. Ban taɓa sanin barandar nan tana da sanyi haka ba. Mutum nawa na tsayar a nan?

Kálmán ne shugaban teburin alƙalai bana, abokin Dezső tun suna soja. Ya fito bai kalle ni ba. Ya ce, "Da kina ciki, nawa za ki ba ta?" Na ce saba'in da shida. Ya ce, "Saba'in da bakwai muka ba ta. Ɗayan nan nawa ne, iyakar abin da na iya ke nan." Sai ya fara cewa da tutar ta tsaya, na ce ya isa. Na ji haushinsa, kuma da ya ba ta tamanin da na fi jin haushinsa.

Na dawo da ita kafin a rufe, abin da ba a yi. Dezső na farke, numfashi na ƙara. Ya ce, "Nawa?"

Na ce tamanin da ɗaya.

Ya dube ni, ya dubi furen. Rabin bakinsa ya yi dariya. "Ranki ya daɗe," in ji shi, "yau kin ƙara wa mutum maki." Bai tambayi na gaskiyar ba. Ya ce in matso masa da ita.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Ya cika jiya da rana. Ina riƙe da hannun da ba ya ji.

Litinin, 3 ga Maris

An binne. Kálmán ya kawo furanni daga kanti, sun sha rini, kunya ta hana shi ɗaga kai. A wajen cin abinci ya ce shukar na da ƙarfi, in na mayar da ita ɗakin gilashi, bayan shekara biyu za ta sake yin fure, a sake gwadawa, sunan bai ɓace ba. Gaskiya ya faɗa. Na ce to.

Lahadi, 9 ga Maris

Sakatariyar ƙungiya ta bugo waya kan baje kolin Afrilu, wai suna jirana a tebur. Na ce ban ga rulata ba. Tana cikin aljihun rigar da na sa ranar da aka ba ta maki.

Furen ya fara laushi a gefe. Akwai sabon tsiro a gindi, ya kamata a ce ta koma ɗakin gilashi tun makon jiya, ɗakin nan ya yi mata bushewa. Gobe, in ƙafata ta bari.

Na rubuta Dezső a jikin ɗan katakon lambarta. Da fensir ne, ba komai ba ne, don kada in rikita ta da sauran.

Kullum tana ƙara leƙawa wajen taga. Yau da safe ma na juyo ta wajen matashin kansa.