Tsingaro a Filin Babanki

Zuwa ga Yesol, sanyin idona, farin wata a kan tafkin Wolji, furen da garin Gyeongju ba shi da na biyunsa,

Tun ranar da Babanki ya rufe mini ƙofa, abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Ke ce inuwata, ina zan fake yanzu?

Kin tuna yammacin da muka zaga tuddan kaburburan sarakunan tsohuwar daular Silla, ciyawa ta yi kore shar? Ina ta zuba miki shekarun mulkin kowane sarki, sai kika cusa mini burodin jan wake a baki, kika ce, "Yaya Gitae, matattu sun ji, sun gode. Mu masu rai fa?" Wayyo wannan dariya taki! Ko ƙararrawar haikalin Bulguksa ba ta kai ta daɗin amo ba.

Ga abin da ya faru, ba ragi ba ƙari. Babanki ya sayar da gonarsa don ya gina masaukin baƙi, na je taya shi haƙa harsashi. Na ga tsingaro, a ƙarƙashinsa tarin duwatsun kogi irin waɗanda mutanen dauri ke lulluɓe kabari da su. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, a garin nan kowa ya yi haƙa sai ya ci karo da kakansa. Mayar da ƙasa. Wa ya gani?"

Ni na gani, Yesol. Ilimin kayan tarihi na karanta, doka kuma ta ce a sanar da hukuma. Na sanar. Aka kewaye filin da igiya, gini ya tsaya, ba wanda ya san sai yaushe. Aka kuma ɗauke ni cikin masu tonon kabarin, shi ya sa unguwa ke cewa na sayar da Baba don in samu aiki. Ban san za su kira ni ba. Kullum da safe ina hango shi bayan igiyar, hannu a baya, duk ya rame. Ya zan iya ɗaga kai?

Na ji ranar Lahadi za ki koma wurin gwaggonki a Busan. Da na ce na yi nadama, amma ban taɓa yi miki ƙarya ba: ko yau aka mayar da ni bakin ramin nan, zan sake sanarwa, ina kuka. Za ki iya son mutum irin wannan? Ban ce ki fifita ni a kan Baba ba. Kafin ki hau jirgi dai, ki aiko mini da kalma ɗaya, ko da ta zagi ce.

Naki, ko kin amsa ko kin yi shiru, har numfashina na ƙarshe,
Gitae