Takardar Da Ban Sa Wa Hannu Ba

Haɗeja,
14 ga Yuli.

Zuwa ga Yayana Shu'ibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Amira. Yaya Kano, yaya aiki? Ranar Juma'a na je ƙauye na tarar da Baba da Inna ana ta dashen shinkafa, sun ce in gaishe ku.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun direba alhali ga waya. A waya ba ka bari in kai aya, ni kuma da na ji muryarka sai bakina ya mutu. A takarda kuwa dole ka bi ni har ƙarshe.

Takardar da ka aiko in sa wa hannu tana nan, ban sa ba. Ban raina niyyar surukinka Alhaji Abdulmannan ba. Kamfaninsa na casar shinkafa zai ɗauki nauyin digirina na biyu a fannin kasuwanci a Legas, albashina yana tafiya, in na dawo kuma kujerar manaja tana jirana. Shekara uku ina aiki a gonar kamfanin ban ga an yi wa kowa irin wannan ba, kuma na san kai ka sa baki.

Amma Yaya, ka karanta sakin layi na bakwai? Cewa ya yi daga ranar da na sa hannu har shekara biyar bayan na gama, ba zan rubuta ko in faɗi komai a bainar jama'a game da gonakin kamfani da hanyoyin ruwansu ba. Me ya haɗa karatun kasuwanci da hanyar ruwa? Tun da kamfani ya ɗaga doguwar jingar nan don ya kare gonarsa daga kogi, damina biyu ke nan ruwa yana kwanciya a gonakin ƙauyenmu, har da ta Baba. Na faɗi haka a taron ma'aikata a watan Maris, sai ga tayin karatu a watan Mayu.

Akwai abin da na ɓoye maka. Na nemi gurbi a Zariya, a sashen nazarin ruwa da ƙasa, kuma sun ɗauke ni. Wata malama, Dakta Mansura, tana bincike a kan kogin Haɗeja, ita za ta duba aikina. Tallafinta zai biya kuɗin makaranta da ɗan alawus na shekara ɗaya. Shekara ta biyu sai in an sabunta, ita ma ba ta da tabbas. Aiki bayan karatu kuwa, ba wanda ya yi mini alkawari.

Na auna biyun har kaina ya yi ciwo. Ɗaya ta ba ni komai ta karɓe bakina, ɗaya ta bar mini bakina ba ta ba ni komai ba. In Alhaji zai cire layin nan, gobe zan sa hannu in tafi Legas ina godiya. Ka tambaya mini shi.

Ka gaida Anti Amira.

Ƙanwarka,
Adila.

Haɗeja,
9 ga Satumba.

Yaya Shu'ibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma da sauƙi, sai dai ruwa.

Saƙonka ya iso ta bakin Inna: Alhaji ya ce takardarsa ba a yi mata faci, kai kuma ka ce in na tafi Zariya ka cire hannunka daga al'amarina. Na ji. Kai ka riƙe ni tun daga sakandare har na gama jami'a, ba na musun wannan, kuma ba zan daina yi maka addu'a ba. Amma ba don in yi shiru ka sa ni a makaranta ba.

Ga abin da ya faru tun da na rubuto maka. Kogi ya kawo ranar ashirin da takwas ga Agusta. Daga Kirikasamma sai a kwale-kwale na ƙarasa gida. Malam Usaini masunci ne ya fito da ni, muka bi ta kan gonar Baba, shinkafar da ta fara ciki ko ganyenta ba a gani. Na sa gora na auna, ruwa ya kai ƙirjina. Da muka kai gindin jinga na hau na leƙa ɗaya ɓangaren, gonar kamfani kore shar, ma'aikata suna ta zuba taki. Kwana shida ina bin wurare goma ina aunawa ina rubutawa a littafi.

Na ɗauka Baba zai goyi bayana. Yana zaune a kan buhunan da aka tsamo, ya kira ni ya ce, "Adila, ki je ki sa hannu. Gona ta tafi, kada ke ma ki bi ta. In ɗaya daga cikinku ya tsaya da ƙafarsa, mu ma mun tsaya." Yaya, wannan maganar ta fi taka zafi. Na yi kuka a gabansa, na ce ya yafe mini, wannan karon ba zan iya ba. Bai yi faɗa ba. Ya dai juya ya ci gaba da kwance bakin buhu.

Ranar Litinin na shiga ofishin Alhaji na mayar masa da takardarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na gode masa, na ce na zaɓi Zariya. Ya dube ni ya ce, "Yarinya, karatun laka za ki je yi? Wa zai ɗauke ki aiki da shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin lakar aka haife ni." Kafin la'asar aka sallame ni daga aiki, aka karɓi makullin babur ɗin ofis daga hannuna.

Kada ka ɗauka ba na tsoro. Ina tsoron shekara ta biyu, ina tsoron in dawo da takarda in zauna a ɗakin Inna. Na kuma san na sa ka a tsaka mai wuya da gidan surukanka, wannan kam ina neman afuwarka da ta Anti Amira. Amma tafiya babu fashi. Na sayar da keken ɗinkina da tumakina biyu, ranar Lahadi zan hau mota.

Ƙanwarka,
Adila.

Zariya,
3 ga Disamba.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki? Wata uku ke nan ban ji daga gare ka ba, amma Inna ta ce kuna lafiya, alhamdu lillahi.

Ina nan ina fama. Mu huɗu ne a ɗaki. Alawus ba ya zuwa a kan kari, don haka ranar Asabar da Lahadi ina koyar da lissafi a wata makaranta a Samaru. Ban faɗa don a aiko mini da komai ba. Na faɗa ne don kada labari ya iso maka ta wani wuri ka zaci ɓoyewa nake yi.

Akwai labarin da zai yi maka daɗi. A makon farko na kai wa Dakta Mansura littafin awona ina taƙama. Ta buɗe, ta duba shafi biyu, ta rufe, ta ce, "Wannan fushi ne, ba bincike ba. Kin auna inda kike so ki samu laifi, kin bar sauran wuraren." Ta nuna mini hotunan kogin da aka ɗauka daga sama na shekara ashirin. Yaya, ciyawar kacalla ta cinye hanyar ruwa ta ƙasan ƙauyenmu tun kafin Alhaji ya zuba kwandon ƙasa ɗaya. Ta ce mai yiwuwa jinga ce, mai yiwuwa kacalla ce, mai yiwuwa duka biyun ne, kuma in ban shirya jin amsar da ba ta yi mini daɗi ba, in koma gida tun da wuri.

Na fita daga ofishinta ina jin kamar in nutse. Na rasa aiki, na saɓa wa Baba, na ɓata da kai, a kan abin da ban tabbatar ba. Kwana biyu ban shiga aji ba. A na uku na koma na ce ta koya mini yadda ake awon.

Na san abin da za ka ce: ga shi nan, da kin bi maganata. A'a, Yaya. Da na sa hannu, da har abada ba zan san gaskiyar ba, kuma ko na sani ba ni da bakin faɗa. Yanzu in awo ya wanke Alhaji, ni da hannuna zan rubuta cewa ya wanke shi, in karanta a gaban mutanen ƙauyenmu ko za su jefe ni. In bai wanke shi ba, shi ma zan rubuta.

A watan Janairu zan zo Haɗeja mu kafa ma'aunai a bakin kogi. In ka ga dama ka kira ni.

Ƙanwarka,
Adila.

Haɗeja,
21 ga Oktoba.

Yaya Shu'ibu,

Assalamu alaikum. Barka, barka! Inna ta ce Anti Amira ta sauka lafiya, an samu mace. Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya.

Wasiƙarka ta same ni, ta farko cikin shekara guda da wata ɗaya. Na yi murna da ganin rubutunka tun kafin in karanta abin da ke ciki.

Bari in fara da taron, tunda abin da aka kai maka rabi ne. Damina guda muka yi muna awo a wurare talatin da biyu. Ranar Alhamis aka taru a filin makarantar firamare, da manoma da masunta da wakilan kamfani, na tashi na faɗi abin da muka samu. Jingar Alhaji tana da laifi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke kwanciya mana ita ke turo shi. Da na faɗi haka aka yi ta kabbara. Sai na ci gaba. Na ce sauran daga kacalla ne, da kuma ƙananan madatsun da mu da kanmu muke yi da rani don ban ruwa, mu bar su ba mu fasa ba. Wani ya ɗaga murya ya ce kamfani ya saye ni. Ni da aka kora!

Baba ne ya tashi, wanda tun bara ba ya yi mini maganar karatu. Ya ce, "Madatsa ɗaya tawa ce, gobe zan fasa ta. Yarinyar nan ba ta yi wa Alhaji ƙarya ba, ba za ta yi muku ba." Washegari ya fita da fartanya, mutum bakwai suka bi shi. Sauran suna nan suna gunaguni. Kamfani kuma bai ce zai buɗe jinga ba, bai ce ba zai buɗe ba.

Tallafin shekara ta biyu ya fito, amma rabi, don haka koyarwar Samaru tana nan. Dakta Mansura ta ce in nemi gurbin digiri na uku, akwai wata hukuma kuma da ta nemi in aika mata da rahoton. Babu wanda ya zama aiki tukuna. Ban ɓoye maka ba.

Yanzu maganarka. Ka ce Alhaji ya huce, tunda na rage masa laifi, kuma in na zo ranar suna na ba shi haƙuri a gaban mutane, na bar kashi ɗayan nan a cikin aljihuna, zai mayar da ni aiki da matsayin da ya fi na da. Na san ƙauna ce ta sa ka sake zuwa roƙo, kuma na san ba abu ne mai sauƙi a wurinka ba. Na gode.

Zan zo suna. Na ɗinka wa jaririya riguna biyu a keken maƙwabta, Inna kuma ta ba ni bandar kifi in kawo wa mai jego. Zan durƙusa in gaida Alhaji kamar yadda aka koya mana a gida, in ci tuwon suna, in ɗauki 'yata in yi mata addu'a. Amma haƙurin nan ba ni da shi, Yaya, ban yi abin ba da shi ba. Rahoton kuma ya riga ya tafi yadda yake, da kashinsa da namu.

In da wannan sharaɗin ne kaɗai za a buɗe mini ƙofa, ka gaya mini tun yanzu, in miƙa kayan daga bakin zaure in juyo. In kuwa ƙanwarka kake so ka gani, motar safe zan hau, ka turo a ɗauke ni a tasha.

Ka gaida mai jego.

Ƙanwarka har kullum,
Adila.