Gidajen da Farar Mota Ta Tsaya

Malam Maiwada, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni malamin asibiti ne a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Bara bayan an gama cire gyaɗa, wani masanin halayyar ɗan Adam ya zo daga jami'a, yana binciken ko taɓin hankali yana bin jini. Ni na yi masa jagora da tafinta. Ya ce in zaɓo gida goma sha biyu masu marar lafiya, da goma sha biyu lafiyayyu don ya gwada. Na rantse wa kowane maigida da Alƙur'ani cewa sirrinsa ba zai fita ba, kuma wallahi bai fita daga bakina ba.

Abin da ban yi tunani ba ita ce motarsa. Farar Landirofa, a garin da sai a yi wata ba a ga mota ba. Duk ƙofar da ta tsaya, kowa ya gani. Da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin abin da ya kawo shi, shi ke nan, aka ce duk gidan da ta tsaya akwai hauka a jininsu.

Ga inda na cuci kaina. Kowane gida ana ba su sabulu da sukari, sai na sa gidan Bappana cikin lafiyayyun, wai ina yi masa gata. Kaicona. 'Yarsa Barira an sa mata rana da yaron da take so, watan jiya iyayensa suka aiko a mayar musu da kayansu. Yarinyar ta daina zuwa rijiya. Bappa ya san ina da takardar sunayen gidajen, yana neman in karanta sunayen lafiyayyun a ƙofar dagaci. To in na karanta, ragowar fa? Cikinsu akwai Hanne, mijinta ya rasu, shekara shida tana ɓoye ɗanta mai taɓin hankali a ɗaka, ga 'yan mata biyu a gabanta. Tana kuka ta gaya mana. Na rubuta wa mai binciken sau biyu, shiru. Ina jin haushinsa, na fi jin haushin kaina. Yaya zan yi?

Naka cikin damuwa,
Mai Jagora

AMSA

Ɗan'uwa, na tausaya maka, amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Kun riƙe sirri a takarda, kun bar shi a ƙofar gida. Babban laifin na mai binciken ne, shi ya kamata ya tambayi kansa me zai bari a garin bayan ya tafi. Kai ma ɗan gari ne, ka san yadda magana take yawo.

Bappanka yana da gaskiya, an ɓata masa suna a banza. Duk da haka kada ka karanta takardar nan. Ranar da ka wanke goma sha biyu, ka nuna sauran da yatsa, kuma kunyar Hanne ba za ta rufu ba har abada. Rantsuwa ka yi.

Ka fara gaya wa Bappa yadda gidansa ya shiga, ka ɗauki faɗan da zai yi. Sannan ku je tare wurin mahaifin yaron, ka ba da shaida a kan gida ɗaya, gidan da ka sani tun kana goye. Kowa ya tambaye ka wani gida, amsarka ɗaya ce ga kowa: ba ka magana.

Shi kuwa mai binciken, wasiƙa ta ishe shi haka. Ka shiga mota ka same shi, in ya ƙi ka ga shugabansa. Ya dawo ya faɗa da bakinsa gaban dagaci da liman cewa tsayawarsa a ƙofa ba shaidar ciwo ba ce. Ya nemi izini ya shiga wasu gidajen don a ga motar tana tsayawa ko'ina, ya fara da naka, tunda na lura ba ka sa shi a jerin ba.

Mai yiwuwa auren nan ba zai dawo ba, kada ka yi wa Barira alkawarin da ba ya hannunka. Ka je ka roƙi gafararta ita kanta, ba ta bakin ubanta ba, in ta ƙi ka haƙura. Allah ya ba ta mijin da zai tambaya kafin ya gudu, ya rufa wa Hanne asiri, ya sassauta maka.

Malam Maiwada