Gadar Attahiru da Mutum Arba'in da Ɗaya

Tudun Wada, Sakkwato
8 ga Mayu, 1995

Zuwa ga Malam Jibrin, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ɗalibinka ne Attahiru, wanda kake kora daga ɗakin kwamfuta bayan kowa ya tashi.

Malam, na samu aiki a Kwamitin Gyaran Gari, wanda wani Manjo ke shugabanta. Su ne ke kama masu kasa kaya bakin titi. Suna da tsofaffin manhajoji uku, ba wadda ta san da zaman 'yar'uwarta: ta waɗanda aka kama, ta waɗanda aka sallama, da ta gawarwakin da ba a samu danginsu ba, waɗanda motar kwamiti ke kaiwa maƙabarta.

Yanzu sun sayo sabon rumbun bayanai, irin wanda ba ya jera bayani layi-layi. Shi mutum yake ajiyewa a matsayin abu guda, duk abin da ya shafe shi na rataye a jikinsa. Manjo na son akawuna su ci gaba da tsofaffin manhajojin da suka saba, amma komai ya riƙa zuba cikin sabon rumbun. Na rubuta 'yar manhaja a tsakani, ina ce mata gada. Inda na maƙale shi ne sunaye: Bawa a nan, Bawah a can, sai rumbun ya ɗauke su mutum biyu. Yaya zan yi?

Matata Atika na gaishe ka. Ka huta lafiya.

Ɗalibinka,
Attahiru

Zariya
19 ga Mayu, 1995

Attahiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma na yi murna da aikinka.

Kada ka dogara da suna, akawu yakan rubuta shi yadda ya ga dama. Ka nemi lamba ɗaya da ke cikin manhajojin uku duka, ko da a wani lungu aka cusa ta, ka mai da ita shaidar kowane mutum. Sannan kada ka kwashe bayanai gaba ɗaya zuwa sabon rumbu sai ka gwada gadar da mutum goma.

Wata shawara kuma, ba ta aji ba. Ofishin soja kake. Ka yi aikinka, ka rage tambaya.

Allah ya yi jagora.

Jibrin

Tudun Wada, Sakkwato
5 ga Yuni, 1995

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na samu lambar. Duk wanda aka kama ana ɗaura masa kati mai lamba a wuyan hannu. Ashe tsohon da ke rajistar gawarwaki, Baba Abdulwahabu, duk abin da ya gani a jikin gawa sai ya rubuta a gurbin alamomin jiki, har da lambar katin. Ban yi gwajin da ka ce ba. Zumuɗi ya sa na kwashe komai.

Da gadar ta kama aiki, rumbun ya haɗa kowa da nasa. Malam, mutum arba'in da ɗaya na ƙirga, kowanne an rubuta an sallame shi, kuma a ranar aka binne shi. Na goma sha bakwai Ƙasimu ne, yayan Atika, mai sayar da gero a Ƙofar Atiku. Bara aka kama shi, aka ce mana an sake shi. Har yau mahaifiyarsu, Inna Delu, cewa take ya tafi Ƙonni cin rani.

Na zaci kuskurena ne, shi ya sa na buga takardar na kai wa Manjo. Ya karanta, ya ce a kira Baba Abdulwahabu. Ya ce, "Wa ya sa ka rubuta lambobin nan?" Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, don danginsu in sun zo nema." Wani sojansa, Saje Mode, ya kai masa gindin bindiga a baki. Haƙora biyu suka faɗo kan takardata. Sauran sojojin suka bi shi da takalmi har ya daina kare kansa. Manjo ya juyo ya ce min, "Ka rushe gadar nan kafin Jumma'a, a goge sunayen."

Na faɗa wa Atika. Inna ce ban san da wane baki zan faɗa wa ba. Ka sa mu a addu'a.

Ɗalibinka,
Attahiru

Tudun Wada, Sakkwato
14 ga Yuni, 1995

Malam Jibrin,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Ni ce Atika, matar Attahiru. Shi yac ce in rubuto maka, don ba shi iya riƙe alƙalami.

Bai goge ba. Ran Jumma'a da hantsi sojoji huɗu sunka shigo gidanmu ba sallama, shina karin kumallo. Sunka ja shi ƙasa har ƙofar gida. Na riƙe rigarshi, Saje Mode ya mare ni, har yau kunnena na hagu bai ji. Gaban maƙwabta sunka aza hannunshi na dama bakin ƙofar mota, sunka buga ta sau uku. Yatsu huɗu sun karye. Sunka jefa shi kwata sunka tahi. Munka kai shi asibiti.

Shekaranjiya sai ga su asibiti da lemu cikin leda. Ashe sun sa wani ya tsinke gadar, sai duk manhajojin sunka koma fanko, akawuna na zaune ba aiki, ga manya na tahe duba ofis. Saje yac ce, "Malam Attahiru, a yi haƙuri, ɓacin rai ne. Ka zo ka gyara, ka cire sunayen ga, shi ke nan."

Attahiru ya dube shi, sai ya soma kiran sunayen waɗanda anka binne da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Majinyata da masu jinya sunka juyo suna saurare. Da ya kai kan Ƙasimu, Inna na zaune gefen gado da kwanon kunu. Nan ta ji ɗanta ya rasu. Wata mata daga can ƙarshen ɗaki ita ma ta ƙwalla ƙara, ta ji sunan mijinta. Sojojin sunka fita da lemunsu.

Malam, mi za mu yi? Ka gaishe da iyali.

Atika

Tudun Wada, Sakkwato
23 ga Yuni, 1995

Malam,

Salamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, mun gode, amma ba mu samu fita garin ba kamar yadda ka ce. Ran Talata sunka ɗauke shi daga gadon asibiti, da filasta a hannu.

Jiya na tahi ofishinsu. Akawu ya duba littafi, bai ɗaga kai ya dube ni ba, yac ce an sallame shi tun Laraba.

Malam, bai iso gida ba. Don Allah ka zo.

Atika